Dokar laifi uku a Kalifoniya: shin tsananta hukunci kan masu maimaita laifi yana rage aikata laifuka?

Ɗan Zazzau:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan dokokin da majalisun jihohin Amurka suke yi ne domin maganin mutanen da suka mayar da aikata laifi sana'a, waɗanda ake kamawa a ɗaure su, su fito, ba da jimawa ba a sake kama su da irin abin da ya kai su kurkuku tun farko. Abin da na fahimta shi ne, a Amurka laifukan da suka fi damun talaka, irin su kisa da fashi da fasa gida da sata, dokar jiha ce take hukunta su ba ta tarayya ba, kuma mafi yawan fursunonin ƙasar suna gidajen yarin jihohi ne, saboda haka abin da 'yan majalisar jiha suka rubuta shi ne yake yanke wa mutum shekarun da zai yi a tsare.

Jihar da ta fi ɗaure mini kai ita ce Kalifoniya. A 1994 ta kafa dokar nan da aka fi sani da dokar laifi uku, wadda take kai mutum ga ɗaurin rai da rai idan aka same shi da laifi karo na uku. A 2012 aka sassauta ta, a 2014 aka ƙara sassauta hukuncin ƙananan sata da na shan ƙwaya, sai kuma ga shi a 2024 jama'ar jihar sun kaɗa ƙuri'a an sake tsananta hukunci a kan masu maimaita sata. Idan dokar ta yi aiki, me ya sa aka sassauta ta? Idan kuwa ba ta yi aiki ba, me ya sa mutane suka sake komawa wajenta bayan shekara talatin? Ina roƙon waɗanda suke da masaniya su yi mana bayanin yadda dokar take aiki a kotu, da abin da ta haifar, domin ni a nawa ganin mutumin da aka ɗaure sau biyu bai daddara ba, babu zalunci idan aka raba shi da jama'a na tsawon lokaci.

Barista Abu Safiyya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar tambayarka tana cikin yadda aka rubuta dokar tun farko, don haka daga nan zan fara.

Ba Kalifoniya ce ta fara ba, jihar Washington ta riga ta a 1993, amma ta Kalifoniya ce ta fi kowacce faɗi da tsanani. Abubuwa biyu ne suka haife ta. A 1992 wasu masu ƙwace da suka taɓa zaman kurkuku sun harbe wata yarinya 'yar shekara 18 a birnin Fresno, sai mahaifinta, Mike Reynolds, ya ɗauki gabarar neman doka mai tsanani, ko da yake da farko majalisar jihar ba ta saurare shi ba. A watan Oktoban 1993 kuma aka sace Polly Klaas, 'yar shekara 12, daga gidansu a garin Petaluma, aka kashe ta, kuma wanda ya aikata hakan mutum ne da aka yanke wa ɗaurin shekara 16 kan satar mutum, aka sake shi bisa sharaɗi bayan ya yi kusan rabin wa'adin, watanni kaɗan kafin faruwar abin. Daga nan babu ɗan majalisar da zai iya tsayawa a gaban dokar. Bill Jones da Jim Costa suka gabatar da ƙudurin, Gwamna Pete Wilson ya sa hannu a watan Maris na 1994, sannan a watan Nuwamba jama'a suka tabbatar da ita ta hanyar ƙuri'ar jin ra'ayi da kashi 72 cikin ɗari. Wannan ƙuri'a tana da muhimmanci, domin bayanta majalisa ba ta da ikon taɓa dokar sai da rinjayen kashi biyu cikin uku, abin da ya sa duk gyaran da ya biyo baya sai da aka koma wurin masu zaɓe ko wurin kotu.

Ga yadda take aiki kafin gyaran 2012. Idan mutum yana da tarihin babban laifi guda ɗaya daga cikin waɗanda doka ta lissafa a matsayin masu tsanani ko na zubar da jini, to duk wani babban laifi da ya sake yi za a ninka masa hukuncinsa. Idan yana da irin wannan tarihi guda biyu, na ukun zai jawo masa ɗaurin da bai gaza shekara 25 ba, kuma yana iya zama na rai da rai. Matsalar tana cikin na ukun nan. Dokar ba ta ce sai ya kasance laifi mai tsanani ba, cewa ta yi kowane babban laifi, alhali a dokar jihar ta lokacin ƙaramar sata ma tana iya zama babban laifi idan mutum ya taɓa zaman kaso kan sata. Haka kuma ba a duba tsufan laifin baya, ko da an yi shi shekara ashirin da suka wuce.

Shari'u biyu da suka kai Kotun Ƙolin Amurka sun nuna inda wannan ya kai. Gary Ewing ya saci sandunan wasan golf guda uku, kowacce dala 399, aka yanke masa shekara 25 zuwa rai da rai saboda tarihinsa na fashi da fasa gida. Leandro Andrade kuma ya saci kaset-kaset na bidiyo guda tara daga kantuna biyu, kuɗinsu gaba ɗaya kimanin dala 153, aka ƙirga masa su a matsayin laifi biyu, aka ba shi shekara 50 zuwa rai da rai. A watan Maris na 2003 kotun ta bar hukuncin duka biyun yadda yake, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, bisa hujjar cewa jiha tana da damar tsara yadda za ta yi da masu maimaita laifi. Ni a matsayina na lauya ban ga yadda za a ce adalci ne a yi wa mai satar kaset hukuncin da ya zarce na wanda ya yi kisa karo na farko ba, kuma wannan rashin daidaito shi ne ya fara juya zukatan mutane, har da wasu masu gabatar da ƙara.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. A Kalifoniya kowace gunduma, cikin gundumomi 58, zaɓen babban mai gabatar da ƙararta take yi, kuma shi ne yake da ikon yanke shawarar ko zai kawo tarihin wanda ake tuhuma gaban kotu ko zai yi shiru a kansa. Saboda haka laifi ɗaya yana iya jawo shekara biyu ko uku a San Francisco, ya jawo shekara 25 a wata gunduma ta cikin ƙasa. Tun 1996 kotun ƙolin jihar ta ba alƙalai damar yafe wani tarihi idan adalci ya buƙaci hakan, sannan daga shekarar 2000 Steve Cooley, ɗan jam'iyyar Republican da ya riƙe ofishin gabatar da ƙara na Los Angeles, ya daina neman ɗaurin rai da rai a mafi yawan shari'un da laifi na uku bai taka kara ya karya ba. Ban da wannan, tunda fiye da kashi 90 cikin ɗari na shari'un laifi a Amurka da sulhun amsa laifi suke ƙarewa ba da sauraron shaidu ba, dokar ta zama abin tsoratarwa a hannun mai gabatar da ƙara, wanda zai ce wa mutum ya amsa laifi ya karɓi shekara takwas ko ya je gaban alƙali ya fuskanci 25.

Sai maganar cunkoso. A 2006 fursunonin jihar sun haura 170,000, a gidajen yarin da aka gina domin kimanin 80,000. Ba dokar laifi uku kaɗai ce ta jawo haka ba, amma tana da kaso babba, musamman ta ɓangaren ninka hukunci a karo na biyu, wanda ya fi shafar mutane da yawa: a 2012 masu zaman hukuncin karo na biyu sun kai kimanin 33,000, na karo na uku kuwa kimanin 9,000. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta umarci jihar ta rage yawan fursunoni zuwa kashi 137.5 cikin ɗari na abin da gine-ginen za su iya ɗauka, bayan an tabbatar mata cewa a duk kwana shida ko bakwai fursuna ɗaya yana mutuwa saboda rashin kulawar asibiti da za a iya kauce wa. Gwamna Jerry Brown da majalisa suka mayar da masu ƙananan laifuka zuwa gidajen yarin gundumomi, sannan a 2012 masu zaɓe, da kusan kashi 69 cikin ɗari, suka gyara dokar ta yadda sai laifi na uku ya kasance mai tsanani ko na zubar da jini kafin a yi ɗaurin rai da rai. Ka lura ba soke dokar aka yi ba, tana nan har yau a kan ɗan fashi da mai fyaɗe da mai fasa gidan mutane. Ɓangaren da ya haɗa su da mai satar kaset ne aka cire.

Ummu Hanifa:

Barista, Allah Ya ƙara ilimi. Ban ƙi abin da ka faɗa game da dokar 1994 ba, kuma ban taɓa jin wani a nan yana neman a koma ɗaure mutum shekara 25 kan kayan dala ɗari ba. Amma bayaninka ya tsaya a 2012, alhali abin da ɗan'uwanmu ya tambaya game da 2024 ya samo asali ne daga ƙudurin 2014 mai lamba 47, wanda masu zaɓe suka amince da shi ta ƙuri'ar jin ra'ayi, kuma ni da nake aiki a kantin sayar da magunguna da kayan masarufi a arewacin jihar ina ganin sakamakonsa da idona.

Ƙudurin ya ce satar abin da bai haura dala 950 ba ƙaramin laifi ce, haka ma mallakar ƙwaya domin sha, kuma ya cire tanadin nan da yake mayar da ƙaramar sata babban laifi idan mutum ya saba yi, sai a kan wasu 'yan tsirarun masu mugun tarihi. Masu kare shi sukan ce ai a Texas ma sai sata ta kai dala 2,500 take zama babban laifi, kuma wannan gaskiya ne. Abin da ba sa ƙarawa shi ne, a Texas idan an taɓa samun mutum da laifin sata sau biyu, na ukun babban laifi ne komai ƙanƙantar abin da ya ɗauka. Mu a nan sai aka wayi gari wanda ya yi sata karo na farko da wanda ya yi karo na goma sha biyar hukuncinsu ɗaya ne a takarda, kuma sau da yawa takardar sammaci kawai ake ba shi ya tafi. Ma'aikatan kanti sun san fuskokin mutanen nan, domin su ne dai suke dawowa. An umarce mu kada mu tare kowa saboda tsaron lafiyarmu, an kulle sabulu da man goge baki da madarar jarirai a bayan gilashi, tsohuwa tana tsaye tana jiran a zo a buɗe mata, kuma da yawa daga cikin kantuna sun daina kiran 'yan sanda tunda sun san babu abin da zai biyo baya. Idan aka daina kai rahoto, ƙididdigar hukuma ba za ta nuna gaskiyar abin da yake faruwa ba.

Maganar cewa mutane ƙalilan ne suke aikata mafi yawan laifuka ba zancen 'yan siyasa ba ne kawai. Wani bincike da Marvin Wolfgang da abokan aikinsa suka wallafa a 1972 ya bi rayuwar yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945 suka tashi a Philadelphia, aka gano cewa kimanin kashi 6 cikin ɗari daga cikinsu ne suka aikata fiye da rabin laifukan da aka rubuta wa rukunin gaba ɗaya. Idan haka ne, dokar da ta rufe ido daga tarihin mutum ta rufe ido ne daga inda cutar take.

Ɓangaren ƙwaya ya fi taɓa mini zuciya. Kafin 2014 alƙali yana iya ce wa mutum ya zaɓa tsakanin kurkuku da zuwa kotun masu shaye-shaye inda za a tilasta masa neman magani. Da aka cire barazanar kurkukun, masu shiga wannan shiri suka ragu, kuma ba da jimawa ba ƙwayar fentanil ta cika tituna tana kashe matasa. Barin mutum ya mutu a bakin titi ba tausayi ba ne.

Abin da aka amince da shi a watan Nuwamban 2024, ƙuduri mai lamba 36, ba dokar laifi uku ta 1994 ba ce. Cewa ya yi wanda aka taɓa samu da laifin sata sau biyu, ana iya tuhumarsa da babban laifi a karo na uku, hukuncin kuma ba ya wuce shekara uku. Wanda aka taɓa samu da laifin ƙwaya sau biyu, a karo na uku za a ba shi zaɓin magani, idan ya kammala a soke tuhumar. Gwamna Gavin Newsom ya yi adawa da shi, shi da shugabannin majalisa suka yi sauri suka fitar da dokoki goma kan satar kantuna a watan Agustan shekarar, amma duk da haka kimanin kashi 68 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince da ƙudurin. Jihar da ta saba zaɓen 'yan Democrat ce ta yi wannan, don haka ba a ce ƙiyayya ce ko jahilci ba.

Baba Gandiroba:

'Ya'yana, na karanta bayananku duka, kuma ina ganin Barista da Hajiya ba su yi nisa da juna kamar yadda suke zato ba. Ni aikin gidan yari na yi a Najeriya har na yi ritaya, saboda haka ta ƙofar fita nake kallon wannan magana, domin duk wanda aka ɗaure, in ba 'yan kaɗan ba, wata rana zai fito.

Hukumar ƙididdigar shari'a ta Amurka ta bi sawun fursunonin da aka sallama a jihohi 30 a 2005, ta gano cewa kimanin kashi 68 cikin ɗari an sake kama su cikin shekara uku, kashi 83 kuma cikin shekara tara. Wannan ya tabbatar da maganar Hajiya cewa matsalar ta gaske ce, amma kuma ya nuna cewa zaman kurkuku shi kaɗai ba ya gyara mutum. Abu na biyu da duk gandiroba ya sani shi ne shekaru suna sanyaya mutum. Ƙarfin aikata laifi yana tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara ashirin da 'yan kai, daga nan sai ya riƙa raguwa. Kafin mutum ya tara manyan laifuka uku da zaman kaso biyu, yawanci ya haura talatin da biyar ko arba'in, wato dokar laifi uku tana kama shi ne a lokacin da ya fara gajiya, ta riƙe shi har ya tsufa yana fama da ciwon suga da hawan jini a kan kuɗin jama'a. A Kalifoniya a 2024 kuɗin riƙe fursuna ɗaya a shekara ya haura dala 130,000. Mutum fiye da 2,000 da aka sallama bayan gyaran 2012, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka koma kurkuku, kuma ni ban yi mamaki ba.

Jihar da nake so ku duba ita ce Texas, wadda babu mai zarginta da sassauci. A 2007 aka gaya wa majalisarta cewa tana buƙatar ƙarin gadaje 17,000 cikin shekara biyar, abin da zai ci kusan dala biliyan 2. Jerry Madden na Republican a majalisar wakilai da John Whitmire na Democrat a majalisar dattawan jihar suka haɗa kai, aka ware dala miliyan 241 domin cibiyoyin maganin shaye-shaye, da kula da masu taɓin hankali, da wuraren tsare na ɗan lokaci ga wanda ya saɓa sharaɗin sakinsa ba tare da ya aikata sabon laifi ba, maimakon a mayar da shi kurkuku ya ƙarasa shekaru. Ba a gina gadajen ba, a 2011 jihar ta rufe gidan yarin Sugar Land, kuma laifuka suka ci gaba da raguwa. Ba su taɓa hukuncin ɗan fashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, su sun fara shirya fitar mutum tun yana ciki.

Louisiana kuwa ta bi wannan hanya a 2017 ƙarƙashin Gwamna John Bel Edwards da dokoki goma, da sharaɗin mayar da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da aka tsimi zuwa shirye-shiryen gyaran hali da taimakon waɗanda aka zalunta. A watan Fabrairun 2024 sabon gwamna Jeff Landry ya kira zama na musamman, majalisa ta soke sakin fursuna bisa sharaɗi ga kusan duk wanda ya aikata laifi daga 1 ga Agustan 2024, ta wajabta cika aƙalla kashi 85 cikin ɗari na wa'adi, ta kuma mayar da 'yan shekara 17 kotun manya. Wannan ya dame ni ƙwarai. Fatan a sake shi da wuri shi ne abin da yake sa fursuna ya shiga aji, ya koyi sana'a, ya guji faɗa, kuma wanda ya cika wa'adinsa cif yana fita ne babu jami'in da yake bibiyarsa.

Ga masu tunanin majalisun jihohinmu su kwaikwayi irin wannan doka, musamman tunda gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa gidajen gyaran hali nasu, ina tunatar da su cewa dokar maimaita laifi a kan rijista take tsayuwa. A Amurka zanen yatsun mutum yana fito da tarihinsa kafin a kai shi gaban alƙali. A wurinmu na sha ganin mutum ya dawo da sabon suna an karɓe shi a matsayin sabon mai laifi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suke tsare jiran shari'a suke yi, ba a ma same su da laifin farko ba.

Ɗan Zazzau:

Na gode ƙwarai, Barista, Hajiya da Baba. Na fahimci bambancin dokar 1994 da ta 2024, wanda a da nake ɗaukarsu abu ɗaya. Sai dai har yanzu akwai abin da ya rage mini. Laifuka sun ragu sosai a Kalifoniya bayan 1994, kuma masu goyon bayan dokar suna cewa ita ce sanadi. Barista, akwai hujjar da take ƙaryata su, ko kuwa dai dokar ta rage laifi amma da tsada? Haka kuma maganar Hajiya cewa sata ta ƙaru bayan 2014, me bincike ya nuna a kai?

Barista Abu Safiyya:

Raguwar gaskiya ce, amma ta fara kafin dokar. Laifukan zubar da jini a Amurka sun kai ƙololuwa a 1991, a Kalifoniya a 1992, daga nan suka riƙa sauka a kusan ko'ina, a jihohin da suka yi dokar laifi uku da waɗanda ba su yi ba, har da Kanada da ba ta faɗaɗa gidajen yarinta kamar Amurka ba. A cikin jihar kanta, gundumomin da suka yi amfani da dokar da zafi ba su samu raguwar da ta zarce ta waɗanda suka yi amfani da ita jefi-jefi ba. Franklin Zimring na jami'ar Berkeley da abokan aikinsa sun duba bayanan kame a biranen jihar, suka ga cewa masu tarihin laifi biyu ƙaramin kaso ne na waɗanda ake kamawa, don haka ko an tsare su duka ba za su bayyana irin wannan raguwa ba. Ba zan ce dokar ba ta tsorata kowa ba. Masana tattalin arziki biyu, Eric Helland da Alex Tabarrok, sun gano a 2007 cewa masu tarihin laifi biyu sun rage aikata abin da zai sa a kama su da kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari, amma su da kansu sun ce da an kashe kuɗin a kan ƙarin 'yan sanda, da an hana laifuka fiye da haka.

Hajiya tana da gaskiya a kan sata. Cibiyar bincike ta PPIC da ke Kalifoniya ta gano a 2018 cewa ƙuduri mai lamba 47 yana da hannu a ƙaruwar sata da kimanin kashi 9 cikin ɗari, mafi yawa satar kaya daga cikin motoci, ko da yake ba ta ga alamar ya ƙara laifukan zubar da jini ba. Na yarda cewa cire tarihin mutum daga lissafi gaba ɗaya kuskure ne, kuma shekara uku ga wanda ya ƙi daina sata ba zalunci ba ne. Inda nake tsayawa shi ne abin da masana irin su Daniel Nagin suka daɗe suna nunawa, cewa tabbacin kamu ya fi tsawon hukunci hana laifi. A 2022 kusan rabin kisan kai a Amurka ba a kama wanda ya yi ba, na sata kuwa waɗanda ake kamawa ba su taka kara sun karya ba, kuma ƙarin shekaru a takarda ba ya shafar wanda ba a kama ba. Majalisa tana gaggawar ƙara hukunci ne domin ba ya cin kuɗi a kasafin bana, sai bayan shekara goma, alhali ɗaukar masu bincike da gina cibiyar magani yau ake biyansu.

Wannan ce damuwata game da ƙudurin 2024. Ya fara aiki a watan Disamban shekarar ba tare da an haɗa shi da kuɗinsa ba, alhali rabinsa a kan tilasta magani ya dogara. Kuɗin da ƙudurin 2014 yake tsimi daga rage fursunoni, kashi 65 cikin ɗari nasa yana tafiya ne ga maganin shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, kashi 25 ga makarantu, kashi 10 ga waɗanda aka zalunta, kuma duk fursunan da aka ƙara yana rage wannan asusu. Idan alƙali ya umarci mutum ya je magani, gundumar kuma ba ta da gado, to mutumin zai zauna a kaso yana jira ko a sake shi ya koma titi. Hajiya, tunda kina can, ki taimaka mana da labarin ko gundumarku ta buɗe sababbin wuraren magani tun da dokar ta fara aiki, da kuma ko 'yan sanda sun fara zuwa idan kantinku ya kira su.